Sandar Hannu Biyu

Ranar da fansho ya shigo,
tun kafin in biya Gidado kuɗin shinkafarsa,
na hau motar Gombe daga Dadin Kowa,
dubu goma sha takwas a aljihun ciki.
Ban faɗa wa Dudu ba.

Shekara talatin ina ɗaga buhun siminti.
Kafaɗar dama ta ajiye aiki kafin ni,
ba ta jifa, ba ta ko kai hannu ƙeya.
Gorar da nake fatsa da ita tun ina saurayi
iyakarta bakin gaɓa, unguwar 'yan karfasa.
Ni kuwa tsage nake so, mai haƙoran ƙusa,
can tsakiya, ƙasan dam, inda Gongola ke murɗewa
ruwan ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Babayo mai gwanjo ya jera su jikin bango,
tsakanin tsohon keke da fanka marar kai.
Ta farko sabuwa fil, a leda,
tana ƙyalli kamar takalmin ango.
Ya ce tamanin da biyar.
Na ce, Babayo, kifi zan kama ko fili zan saya?

Ta biyu ja ce, shafal,
kuɗinta bai kai buhun gawayi ba.
Na ɗan lanƙwasa kanta, ta yi kukan karan dawa.
Araha ba ta ado,
ba ta kuma tsayuwa gaban ruwa mai fushi.

Ta ukun a bayan ƙofa take, ko ƙura ba a kaɗe mata ba.
Gaɓa huɗu, in an haɗa ta ninka tsawona,
zobe ɗaya ya karye, an ɗaure da zaren baduku.
Mariƙi biyu, ɗaya sama, ɗaya can gindi.
Na kama.
A na sama akwai ɗan rami
inda babban yatsan wani ya yi shekaru yana kwana,
wani mutum a ƙasar da ban san sunanta ba,
a kogin da aka ce sanyinsa na kashe ƙafa.
Yatsana ya faɗa ramin kamar tela ya gwada.

Ashirin da biyar. Sha biyu. Albarka.
Na juya har na kai wajen mai rake, ya kira ni.
Sha shida, da tsohon zare gyara.

Da asuba na shiga ruwa iya gwiwa.
Jifan farko ya kama reshen giyayya,
na biyu ya cire min hula.
Yaran Manga daga kwalekwale suka ce,
Baba, falwayar wuta ka tumɓuko?
Na yi shiru. Mai koyo ba ya rasa 'yan kallo.

Sai hantsi na gane sirrinta:
hagu ke ja, dama rakiya kawai take yi.
Kafaɗar ba ta ce uffan ba.
Zaren ya miƙe a iska, ya kwanta a hankali
har wancan baƙin ruwan
da nake kallo daga nesa tun ina da baƙin gemu.

Sai aka fizga.
Sandar ta rusuna har ƙasa, ba ta karye ba,
zaren baduku ya riƙe amana.
Ya yi tsalle, fari tas kamar sabon kwano,
ya girgiza kai sau biyu,
ya datse zaren, ya tafi da ƙugiyata.

Na dawo da bokiti wayam.
Dudu ta dubi sandar, ta dubi bokitin,
ta ce, Gidado ya zo har sau biyu.
Na ce, na gan shi.
Ta ce, Gidadon?
Na ce, a'a.

Har bayan isha hannuwana na rawa, su biyun.
Na zauna a tsakar gida ina ɗaura wata ƙugiya,
yatsana a cikin ramin nan,
ina ƙara masa zurfi
saboda wanda zai ɗauko ta a bayan ƙofa bayana.