Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

A Kottayam ruwa ya kwana uku bai ɗauke ba.
Lissamma ta naɗe rikoda a leda,
ta haye gada zuwa gidan Aleyamma,
tsohuwar nas ta ɗakin masu ciwon daji.

Takarda lamba take nema, ɗaya zuwa biyar:
"Yaya nauyin aikin dare a zuciyarki?"
Tsohuwa ta turo shayi mai citta,
ta ce, "Sa uku."
Ta yi shiru har kofi ya huce.

"Akwai wani masunci, Varkey,
gado na tara.
Ba ya barci sai na ƙirga masa kwale-kwale,
alhali tagar bango take kallo.
Daren da ya cika, na kai arba'in
ban san ni kaɗai nake ji ba."

Akwati biyar a takarda,
babu mai ɗaukar kwale-kwale arba'in.
Lissamma ta zagaye uku.

A bas ta kunna rikoda.
Rabi ruwa ne kan kwano.
Shirun ma ya shiga,
minti shida cif.
Farfesa zai ce a yanke.
Ta rubuta a gefe: a bar shi.