Takun Agwagwa a Tudun Mao

Dungus ya dawo daga ƙasar ƙanƙara
da katako ɗaya, dogo, sumul kamar harshen sa,
da lema a ninke cikin jaka, igiyoyinta huɗu.
Ya ce, "Baffa, can a kan farin sanyi ake hawansa,
iska ta ja lema, lema ta ja mutum."
Na ce, nan fa Mao ce, ɗana,
ƙanƙararmu tana cikin kular mai lemo, dala goma.
Ya nuna mini tudun yashi da haɓa.
Na ajiye basilla.

Shekara talatin ina ɗinka sirdi da majayi,
ban taɓa ɗaure ƙafar mutum a katako ba.
Raƙumi nakan auna da ido,
shi wannan sai da na nemo zare.

Daga diddige zuwa gwiwa, in ji shi,
nan faɗin tsayuwar mutum yake.
Na auna, na ƙulla, na ciji zaren,
na shimfiɗa shi a tsakiyar katako
don kada goshi ya fi wutsiya ko da ɗan yatsa.

Na zagaya bayansa na ture shi ba sallama,
hagu ta yi tsalle ta tare faɗuwa.
Na ce, to ga ta gaba.
Ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Mai bin lema ba shi da ƙafar gaba, Baffa.
Inda ka je da hagu, da dama za ka komo."

Sai faifai biyu masu haƙora da lambobi,
sha biyar nan, sha biyar can,
yatsu waje, diddige ciki,
takun agwagwa za ta rafi.

Noti takwas ne. Bakwai suka shiga.
Na takwas ya sulale, yashi ya haɗiye,
muka tankaɗe ƙasa da rariyar Yagana har la'asar.
Ƙaramar 'yarta ce ta zo da maganaɗisun tsohuwar rediyo,
ta ja shi a ƙasa kamar akuya,
ya fito da noti, da allura biyu, da ƙusar da ba tamu ba.

Maɗaurin dama ya tsage tun a jirgi.
Na yanko majayin raƙumin da aka sayar bara,
na huda, na shafa man shanu, na ɗinke.
Roba a hagu, fata a dama,
kowace ƙafa da ƙasarta.

"Kada ka matse abin bayan dunduniya,
bar shi ya kwanta,
jingina zan yi, kamar mai jan guga."
Wannan kam na gane.

Da hantsi lema ta tashi, ja da ruwan ɗorawa,
awaki suka watse.
Taku goma, ya kifa.
Ya tashi yana tofar da Kanem daga bakinsa,
ya ce diddige na shan ƙasa.
Na kwance, na matsa gaba da faɗin ƙwayar dabino,
na ɗaure, na ƙara rabin juyi don tsoro.

Sai ya tafi.
Ba ƙara, sai shuuu, kamar ana sheƙa gero,
layi ɗaya a gadon tudu, ya juya, ya komo da dama,
gwiwa a sake, baya a jingine, yatsu waje.

Nan hannuna ya saki sukundireba.
Haka Sallau yake tsayawa a bakin rijiya,
ubansa, ƙanena, da muke tsokana da agwagwa,
wanda yaron bai sani ba sai a hoto,
hoton ma iya ƙirji.

Ya ƙwalo daga nesa, "Baffa, ya yi?"
Na duƙa ina neman abin da bai faɗi ba,
na ce, bari in sake duba notin nan.