Takardar Ƙuli-ƙuli

A kasuwar Gujungu na sayi ƙuli na ɗari biyu,
Ladidi ta ƙunshe mini shi a yagaggen shafi.
Sai da na zauna gindin tsamiya ina jiran mota
na lura daga littafin tarihi aka ciro shi, na Turanci,
mai ya cinye rabinsa.

Labarin wani sarki ne a tsibirin Ingila,
tun ba su san bindiga ba,
tun suna kwana ɗaki guda da hayaƙi da karnuka.
Daidai inda sunansa yake man gyaɗa ya zauna,
ya bar mini harafi biyu, su ma ba su furtuwa.

Shafin ya ce shekara goma sha tara ya yi kan karaga.
Maharan teku sun zo cikin jiragen katako,
ya tare su sau uku, sau ɗaya ya ranta a na kare.
Ya ja ganuwa. Ya buga kuɗi da fuskarsa.
Can ƙasa kuma, layi ɗaya tal:
ya auri 'yar sarkin maƙwabta,
ta haifi biyar, biyu suka rayu.

Na juya bayan takardar ko akwai saura.
Taswira ce.

To, ni ɗan dagaci ne,
na san abin da layi ɗayan nan ya haɗiye.
Baba Hambali ya riƙe garinmu shekara talatin da ɗaya.
Ya tsaya tsakanin sandar makiyayi da laujen mai gero,
shekarar ambaliya ya kwana uku kan jinga bai runtsa ba.
Wannan kowa na faɗa, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin.

Wa zai faɗa cewa in ya shigo gida
rawanin yake warwarewa ya rataya a ƙusa,
sai kan ya fito ɗan ƙarami, sanƙo na ƙyalli?
Inna Tabawa ta ce, "Sarauta ta tsaya a zaure,
nan sai mai gida," ta miƙa masa buta.
Yakan ɓare mana gyaɗa da haƙorin da ya rage,
ya yi gyangyaɗi tsakiyar tatsuniya
mu ƙarasa masa.

Daren da ƙyanda ta ɗauke Kande
shi ya riƙe fitila har asuba.
Hantsi na ɗagawa ya naɗa rawani
ya fita ya saurari ƙarar akuyar da ta ci wake.
Ni kaɗai na ga hannun rigarsa jiƙe.

Kai sarkin da mai ya shafe wa suna,
su ukun nan da ba su rayu ba,
wa ya riƙe fitila?
A wace ƙusa kake rataye hular ƙarfe?
'Yar sarkin nan da aka kawo don yaƙi ya kwanta,
ta taɓa yi maka faɗa kan takalmi mai taɓo?

Yaron mota na buga ƙofa, saura mutum ɗaya.
Na mayar da ragowar ƙulin cikin takardar,
na ƙunshe shi da sarki da matarsa da 'ya'yansu,
na cusa aljihu.
Kafin mu isa gida
mai ya fito a gaban rigata.