Katin Barira

Yana cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin gado,
tare da takardar fili da zoben uwata.
Ɗigon damina ya lashe masa kusurwa ɗaya,
gara ta ɗanɗana, ta bar mana saura.

Shafin fari: kilo biyu da ɗari takwas.
Ban iya karatu ba, amma na haddace.
Tabon hannunki na hagu ma rubutu ne,
shi ba ya jiƙewa.

Ranar awo, tun asuba muke barin Bagalam,
ke a baya, kabu-kabu na tsallake ramuka.
Madam Habsu ta rataya ki a wandon sikeli,
kina harbin iska, kina tsala ihu,
ta ce, bar ta, mai huhu ce.
Ɗigo biyu a baki, allura a cinya,
daren nan jikinki kamar murhu,
na zagi Madam a zuci, gari ya waye kina dariya.

Shekarar da gero ya yi tsada
zaren awo ya tsaya kan rawaya a damtsenki.
Na dubi ƙasa.
Ba ta yi mini faɗa ba.
Ta ce, ƙuli-ƙuli a kunu, zogale in ya samu,
ki dawo Talata.
Talata bakwai muka yi kafin kore.

Baƙon dauro ya shiga layinmu, ya wuce ƙofarmu.
Gulbi ya kawo ruwa, sauro ya kawo nasa,
ƙwayar nan mai ɗaci kin tofa mini a zane sau nawa?
Sai haƙorin da ya ƙi fita,
sai allon lakwal da kika ce yana yi miki hazo.

Yau sha huɗu.
Kin fi ni tsawo da yatsa biyu.
A bakin ƙofa kika karɓi katin daga hannuna,
kika ce, Inna, jira ni nan,
akwai abin da zan tambaye ta.
Ƙofa ta rufe.

Na zauna kan bencin da ya san ni,
cinyata ba kowa.
Wata yarinya a gefena, goyon fari,
ɗanta na kuka, ita ma saura kaɗan.
Na ce, kawo shi.
Ga yadda ake riƙe ƙafar.