Lissafi a Bayan Takardar Wuta

A bayan takardar kuɗin wuta na ja layi.
Cavit na gefe yana ɓare lemo,
dusar ƙanƙara na sauka kan rufunan Ankara.
Amasya, kwana uku.
Na danna biro da ƙarfi a kan sunan
kamar mai tsoron kada garin ya gudu.

Mota, zuwa da dawowa, mutum biyu.
Shekara talatin yana tuƙa ta, yau zai biya a tuƙa shi.
Ya ce, "Kujerar gaba, Nermin, in ga hannun yaron."
Gaba da baya kuɗinsu ɗaya,
na ba shi wannan kyauta.

Masauki ne ya cinye mana dare.
Akwai na bakin kogi, gidan katako, baranda a saman ruwa,
kuɗinsa ya kai ladan ɗinkin rigar amarya biyu.
Akwai na gindin tasha, araha kamar banza,
amma ƙanwata ta kwana can, ta dawo tana susa.
Muka tsaya a tsakiya, inda muka saba tsayawa:
layi na biyu daga ruwa, zanen gado mai tsabta,
karin kumallo a ciki.
Ba a ganin kogin, an ce ana jin sa.
To, kunne ba ya biyan haraji.

Da rana miya da burodi.
Dare ɗaya tak a inda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur.
Ya ce biyu. Na ce ɗaya.
Ya miƙo mini ɓarin lemo.
Na rubuta ɗaya da rabi,
yadda ake cin rabin dare, sai mun je.

Kaburburan sarakunan da, a sassaƙe jikin dutse:
kuɗin shiga kaɗan ne, gwiwa za ta biya sauran.
Na sa man shafawa a layin.
Tuffa ta jikoki, kilo uku.
Shayi kuwa, wa ke ƙirga shayi?
Ni. Kofi goma sha takwas.

Sai na ƙarshe, wanda uwata ke kira kuɗin ba-a-sani-ba,
ɗaya cikin goma, a naɗe cikin safa,
na tasi in ruwa ya ɓalle,
na haƙori in ya tuna da mu.

Na haɗa. Ya zarce da lira dubu da ɗari biyu.
Na sake haɗawa. Lissafi ba ya jin kunyar kowa.

Cavit ya goge hannu a wando, ya karɓi biron.
Ya duba sama, ya duba ƙasa,
ya daɗe a kan daren farin ƙyalle, bai taɓa shi ba.
Can ƙasa ya rubuta: taba, mako uku,
abin da ban ko sa a ciki ba,
sannan ya soke ta da layi biyu
ya tura mini takardar bai kalle ni ba.

Na ninke ta, na danne da gwangwanin sukari.
Sai da muka kwanta, ya fara minshari,
na tuna ɗaya gefen takardar,
shi ma ba a biya shi ba.