Taswirar Mina

'Yan sikawut goma sha ɗaya aka ba ni,
da usur ɗaya, da taswirar Mina
wadda gumi ya cinye gefenta.
Ba albashi. Maigidana a garejin Jidda
ya ce kwana biyar, kar in ƙara.

Ukasha, autanmu, ƙyallen wuya a karkace,
ya zo riƙe da wata tsohuwa,
silifa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Larabcinta iyakarsa Fatiha.
Sai yaron ya tono Hausar kakarsa,
duk ta yi tsatsa:
"Iya, ina gidanki?"
Ta yi dariya har ta zauna.
"Gumel," in ji ta.

Na duba taswira.
Babu Gumel.
Muka bi tanti-tanti da ita
har la'asar sakaliya.