Rediyon Baba Manu

A Jega, bayan 'yan albasa,
rumfar Jabbi ce gidan kallonmu:
kwano huɗu, benci bakwai, labulen buhu,
ka biya ɗari, ka zauna rabi a cinyar wani.

Ranar wasan ƙarshe na kwalejoji
Baba Manu ya shigo da rediyonsa,
tsohuwa, an ɗaure cikinta da robar taya,
waya ce a madadin eriya.
Ɗansa Tunau ke tsaron raga.

Sai dai rediyo ta riga hoto isowa.
Ƙwallo na tsakiyar fili a allo
Baba ya riga ya dafe kai.
Kafin mu ga an buga, ya ce, "Ta yi waje."
Kamar mai duba, yana gabanmu da numfashi uku.

"Baba, kana zubar mana da miya!"
Jabbi ya mayar masa da ɗarinsa.
Ya fita bai ce uffan ba,
ya zauna gindin dogonyaro
kusa da mai tuyar awara.

Saura minti biyu, ɗaya da ɗaya,
alƙali ya nuna ɗigon fenariti.
Mun ga Tunau yana tofa wa safar hannunsa yawu,
ya buɗe hannuwa.
Nan janareta ya yi tari biyu, ya mutu.

Duhu. Zufa. Wani ya taka mini ƙafa.
Muka fito kamar awakin da aka buɗe wa turke,
mu arba'in, har da Jabbi da jarkarsa,
muka durƙusa gaban abin da muka kora.

Baba bai ɗaga kai ba.
Ya dai murɗa ta kaɗan, ya ajiye a ƙasa.
Murya ta fito daga nesa, tana shiga tana fita
kamar ana suya a bayanta:
"Ya ja baya... ya taho... lamba ɗaya ya kama!
Lamba ɗaya! Lamba ɗaya!"

Ihu ya tashi, kasko ya kife,
ana ta rungumar wanda ba a sani ba.
Ni ina kusa, ni kaɗai na ji.
Ya kai bakinsa daf da lasifika,
a hankali, kamar mai gyara wa yaro karatu:
"Ba lamba ɗaya ba, malam.
Tunau sunanshi."